Bayani Kan Garanti da Gyaran Injin Yankan Ciyawa da Sauran Ƙananan Injuna a Yankin Zamfara ta Arewa

Gabatarwa

An tanadi wannan bayani ne domin amfanin manoma, da masu ba da hayar injuna, da jami'an da ke kula da kayan gwamnati a makarantu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, musamman mutanen Banga da sauran gundumomin Ƙaramar Hukumar Ƙauran Namoda, da kuma na Shinkafi da Zurmi. Manufarsa ita ce a fahimtar da jama'a haƙƙin da mai saye yake da shi idan sabon inji ya lalace a hannunsa, da hanyar da zai bi ya karɓi wannan haƙƙi, da kuma yadda zai samu gyara mai inganci bayan wa'adin garanti ya ƙare.

Wannan batu yana da muhimmanci, domin lalacewar inji ba ta tsayawa ga kuɗin injin kaɗai. Manomin rani da injinsa na ban ruwa ya tsaya a watan Fabrairu, lokacin da albasa ko tumatir ko tattasai ke tsananin bukatar ruwa, yana iya asarar wahalar wata uku cikin 'yan kwanaki. Haka kuma makarantar da injinta na yankan ciyawa ya lalace a watan Agusta, ciyawa za ta rufe harabarta, ta zama maɓoyar macizai da sauro. Sau da yawa ana iya kauce wa irin wannan asara da 'yar takarda guda ɗaya wadda mai saye bai nema ba ranar ciniki.

Injunan da ake magana a kansu

Wani Baturen Ingila mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa a shekarar 1830. A yankinmu an fi ganin wannan inji a harabar ofisoshi da makarantu da filayen ƙwallo, kuma aikinsa na damina ne, daga watan Yuli zuwa Oktoba. Amma abin da ke juya wuƙarsa, wato ƙaramin inji mai fiston ɗaya mai aiki da fetur, dangi ɗaya ne da wanda ke cikin injin ban ruwa da janareta da injin markaɗe da wasu injunan casa. Domin haka duk abin da za a faɗa a nan ya shafe su baki ɗaya.

Ƙananan injunan ban ruwa sun yawaita a ƙasar Hausa ne tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da shirin bunƙasa noman fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya ƙarfafa haƙa ƙananan rijiyoyin burtsatse da sayen injuna a madadin jigo. A yau manoman fadamun Gulbin Gagare da na Bunsuru sun dogara ƙwarai da su. Injin da bakinsa yake inci biyu yana iya ba da ruwa kusan lita 600 a minti ɗaya, mai inci uku kuwa kusan lita 1,000.

Daga cikin sanannun kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan injuna akwai Honda da Yamaha na ƙasar Japan, da Briggs & Stratton na Amurka. Akwai kuma injuna masu yawa da ake ƙerawa a ƙasar Sin bisa fasalin Honda GX160, waɗanda suka fi sauƙin kuɗi, kuma ingancinsu ya bambanta daga wannan masana'anta zuwa waccan. Yawancin kayan nan ta tashoshin jiragen ruwa na Legas suke shigowa, su bi ta hannun manyan diloli a Anacha da Kano, kafin su iso shagunan Gusau da Ƙauran Namoda da kasuwar Shinkafi mai ci ranar Alhamis. Ke nan kafin inji ya iso hannun manomi a Banga ya riga ya bi ta hannu uku ko huɗu, kuma wannan ne ya sa ya wajaba a san tun farko wane ne daga cikinsu zai ɗauki nauyi idan matsala ta taso.

Mene ne garanti?

Garanti alkawari ne da mai ƙera kaya ko mai sayar da shi yake yi wa mai saye, cewa idan wani aibi da ya samo asali daga ƙira ko daga kayan da aka yi ƙirar da su ya bayyana cikin wani ƙayyadadden lokaci, to zai gyara ko ya musanya ba tare da karɓar kuɗi ba. A lura da kalmar asali. Garanti yana ɗaukar nauyin kuskuren masana'anta ne. Lalacewar da ta faru saboda sakaci ko ganganci ko tsufan kaya, wannan nauyin mai inji ne.

Garanti iri uku ne, kuma ya kamata a rarrabe su.

Na farko shi ne garantin kamfani, wanda ake rubutawa a littafin da ke cikin kwalin injin ko a wani kati na daban. Wannan yana aiki ne galibi idan an sayi injin daga dilan da kamfanin ya amince da shi, kuma a wurin kanikawan da kamfanin ya naɗa ake yin gyaran. Injin da aka shigo da shi ta wata hanya daban, ko da na ainihi ne, yana iya zama ba shi da wannan kariya a Nijeriya.

Na biyu shi ne garantin mai shago, wato alkawarin da ɗan kasuwa yake yi da bakinsa cewa idan injin ya ba da matsala cikin mako biyu ko wata guda a dawo da shi. Wannan shi ne wanda aka fi sani a kasuwanninmu, kuma shi ne ya fi haddasa rigima, domin ba a cika rubuta shi ba.

Na uku shi ne garantin da doka ta ɗora wa mai sayarwa, ko ya yi alkawari ko bai yi ba. Za a yi bayaninsa a sashe na gaba.

Akwai wasu abubuwa biyu da jama'a ba su cika lura da su ba. Na ɗaya, sau da yawa kamfanin da ya ƙera gangar jikin injin yankan ciyawa ko famfon ban ruwa daban yake da kamfanin da ya ƙera injin da ke juya shi, saboda haka kowane sashe yana da nasa garantin da tasa lambar. Na biyu, kamfanoni suna bambanta tsakanin amfanin gida da amfanin kasuwanci. Alal misali, akwai injunan da ake ba su garantin shekara biyu idan mutum a gidansa zai yi amfani da su, amma wa'adin ya koma wata uku kacal idan za a riƙa ba da hayarsu ko yin kwangila da su. Duk mai niyyar ba da hayar inji ga maƙwabtan gona, sai ya tambayi wannan tun kafin ya biya kuɗi.

Abin da dokar ƙasa ta tanada

Dokar da ke kare haƙƙin masu saye a Nijeriya ita ce Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon shekarar 2019. Wannan doka ce ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a Abuja, wadda ta maye gurbin tsohuwar Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye da aka kafa da dokar soja mai lamba 66 ta 1992.

Sashe na 131 na dokar ya ba kowane mai saye haƙƙin karɓar kaya masu inganci, waɗanda ke aiki yadda ya kamata, marasa aibi, waɗanda suka dace da aikin da aka saba yi da irinsu, kuma masu ƙarko gwargwadon lokacin da hankali zai ɗauka. Sashe na 132 kuwa ya tanadi cewa idan kayan suka gaza cika waɗannan sharuɗɗa, mai saye yana da ikon mayar da su cikin wata uku daga ranar da aka miƙa masa, ba tare da an ci shi tara ba, kuma mai sayarwa ne zai ɗauki ɗawainiyar mayarwar. Daga nan wajibi ne mai sayarwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi.

Saboda haka rubutun nan da ake gani a ƙasan rasit na wasu shaguna, wanda ke nuna cewa kayan da aka saya ba a mayar da su, ba ya soke haƙƙin mai saye idan kayan suna da aibi. Rubutun yana iya amfani a kan wanda ya sauya ra'ayi kawai bayan ya isa gida, amma ba ya kare ɗan kasuwar da ya sayar da inji mai lahani.

Har ila yau akwai Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971. Tun daga shekarar 2005 take gudanar da tsarin SONCAP, wanda a ƙarƙashinsa ake tantance ingancin kayayyakin da za a shigo da su ƙasar nan tun kafin a yi lodinsu. Ita ce hukumar da ake sanar wa idan aka ga ana sayar da injuna ko kayan gyara na jabu.

Matsayin Shari'ar Musulunci

Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙiro ranar 1 ga Oktoba, 1996, ita ce ta fara faɗaɗa aiki da Shari'ar Musulunci a Nijeriya daga watan Janairun 2000, kuma yawancin cinikin da ake yi a kasuwanninmu tsakanin Musulmi ne. Domin haka yana da kyau a san cewa wannan haƙƙi ba baƙo ba ne a wurinmu. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamanmu, irin su Risala da Muhtasar, sun yi bayanin zaɓin da mai saye yake da shi idan ya tarar da aibi.

A taƙaice, haramun ne mai sayarwa ya ɓoye aibin da ya sani, domin yin haka algus ne. Idan mai saye ya gano wani aibi wanda yake tare da kayan tun kafin ciniki, wanda bai sani ba lokacin saye, kuma wanda ke rage darajar kayan, to yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma idan ya ga aibin ya yi shiru, ya ci gaba da aiki da kayan kamar babu abin da ya faru, ana iya ɗaukar wannan a matsayin yarda, zaɓinsa kuma ya faɗi. A nan dokar ƙasa da Shari'a da ƙa'idar kamfanoni duk sun haɗu a kan abu ɗaya: wanda ya ga matsala ya tsayar da inji, ya sanar nan da nan.

Abin da ya kamata a yi ranar saye

Hausawa na cewa sayen nagari mai da kuɗi gida. Yawancin ƙorafe-ƙorafen garanti ranar ciniki ake cin nasararsu ko a faɗi. Ana shawartar mai saye ya kiyaye waɗannan abubuwa:

1. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da adireshinsa da kwanan wata da kuɗin da aka biya. A tabbatar an rubuta sunan injin da samfurinsa da lambarsa a jikin rasit ɗin. Lambar inji tana nan a buge a jikin ƙarfen injin, ba a jikin kwali kaɗai ba, kuma ya kamata mai saye ya gwada ta da idonsa. Idan babu wannan lamba, mai shago yana iya cewa ba a wurinsa aka sayi injin ba.

2. A nemi mai shago ya rubuta wa'adin garantinsa a bayan rasit, da abin da ya ƙunsa, ya sa hannu. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da wanda ya iya, ko a rubuta masa da ajami, kuma a yi cinikin gaban shaida.

3. A zuba mai, a tayar da injin a gaban mai shago, a bar shi ya yi aiki na ɗan lokaci. A saurari ƙararsa, a duba ko yana yoyon mai ko yana fitar da hayaƙi mai yawa. A tuna cewa sababbin injuna galibi babu baƙin mai a cikinsu ake sayar da su. Tayar da sabon inji ba tare da an zuba masa baƙin mai ba yana kashe shi cikin 'yan mintoci, kuma babu garantin da ke ɗaukar wannan.

4. A tambayi inda ake yin gyaran garanti, da wanda zai biya kuɗin motar kai injin, da kuma ko ana samun kayan gyaransa a Ƙauran Namoda ko Gusau. Injin da sai an aika Kano ko Legas kafin a samu ƙaramin abin da ya lalace a jikinsa, arhar da aka samu a kansa ba ta da amfani.

5. A adana rasit da katin garanti da littafin inji a cikin leda, nesa da gara da ruwa, a kuma ɗauki hotonsu da waya. Tawadar wasu rasit tana gogewa cikin 'yan watanni saboda zafi.

Game da injuna na hannu, a sani cewa ba su da garantin kamfani. Abin da ke kare mai saye shi ne gwaji mai kyau a gaban bakanike amintacce, da rubutacciyar yarjejeniyar kwanakin gwaji.

Abubuwan da garanti ba ya ɗauka

Kayan da dole ne su ƙare da aiki ba sa cikin garanti. Waɗannan sun haɗa da fulogi, da matacin iska, da igiyar tayarwa, da bel, da wuƙar yankan ciyawa, da tiyo. Bayan su akwai lalacewar da bakanike yana buɗe inji zai gane cewa daga hannun mai shi take. Ga waɗanda suka fi yawa a yankinmu.

Rashin baƙin mai. Waɗannan injuna ɗan mai kaɗan suke ɗauka, kusan kashi shida cikin goma na lita ɗaya a samfurin GX160, saboda haka raguwa kaɗan tana isa ta sa inji ya buga. Littafin wannan samfuri ya ce a sauya man farko bayan aikin awa 20 ko wata ɗaya, daga nan kuma duk bayan awa 100 ko wata shida. Littattafan wasu injunan yankan ciyawa kuwa sun ce a sauya na farko bayan awa 5, sannan duk bayan awa 50. Kowa ya bi littafin injinsa, ya kuma duba ma'aunin mai kowace safiya kafin ya ja igiya. Manomin rani da ke tayar da inji awa shida ko bakwai a yini yana cika awa 100 cikin mako biyu ko kaɗan fiye da haka, don haka lissafin awa ne ya shafe shi, ba na wata ba.

Ƙura. Noman rani yana zuwa ne daidai da lokacin hunturu da hazo. Idan matacin iska ya toshe, wasu sukan cire shi su jefar domin inji ya tashi. Ƙurar da ke shiga daga nan tana cinye ringi da bangon silinda kamar yadda yashi ke cinye ƙarfe, inji ya fara shan mai yana hayaƙi. Wannan alama ba ta ɓoyuwa ga masani.

Gurɓataccen fetur. Man da aka gauraya da kananzir ko ruwa, da wanda ya daɗe a jarka ko a tanki, yana toshe kafireto. Fetur yana fara lalacewa bayan kamar kwana 30 a ajiye. Jama'a za su tuna yadda a watan Fabrairun 2022 aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, wanda ya lalata injunan motoci da dama. Injin yankan ciyawa da ake ajiyewa tun daga Oktoba har zuwa wata damina, wajibi ne a tsiyaye masa fetur, a bar shi ya yi aiki har ya mutu da kansa, kafin a kai shi sito. Ƙananan injunan yankan ciyawa na ratayawa a kafaɗa kuwa, yawancinsu fetur ɗinsu sai an gauraya shi da nasu mai na musamman bisa ma'aunin da littafi ya faɗa, kamar kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, ko 25 da 1. Zuba musu fetur zalla yana ƙone su.

Dukan dutse. Idan wuƙar injin yankan ciyawa ta daki dutse ko kututture ko guntun ƙarfe, sandar da ke juya ta tana iya lanƙwashewa, inji ya riƙa girgiza. Ya kamata a zagaya fili a tsince duwatsu kafin a fara yanka. Idan za a karkata injin domin duba ƙasansa, a cire wayar fulogi tukuna, kuma a karkata shi ta yadda ɓangaren matacin iska zai kasance a sama, domin kada mai ya kwarara cikinsa.

Tayar da famfo babu ruwa. Akwai wani zobe a cikin famfon ban ruwa da ke hana ruwa tsallakawa zuwa inji, kuma ruwan ne ke sanyaya shi. Idan aka tayar da famfo ba a cika cikinsa da ruwa ba, zoben yana ƙonewa. Haka kuma irin wannan famfo ba ya iya janyo ruwan da zurfinsa ya wuce kamar mita 7 zuwa 8. Idan ruwan rijiya ya ja baya a watan Maris ko Afrilu, famfo ya daina ba da ruwa, wannan ba aibin inji ba ne. Rashin sa rariya a bakin tiyo kuma yana sa yashi da tsakuwa su cinye farfelar famfo.

Buɗe inji a wani wuri. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓata wa jama'a garanti. Da zarar wani bakanike wanda mai sayarwa bai amince da shi ba ya kwance injin, ko ya sa masa kayan da ba nasa ba, ko ya taɓa abin da ke daidaita gudunsa domin ya ƙara ƙarfi, to mai sayarwa ya samu hujjar janye hannunsa.

Matakan da za a bi idan sabon inji ya lalace

Da farko a kashe injin, kada a ci gaba da tilasta masa. A duba abubuwa masu sauƙi waɗanda ba sa bukatar kwance komai: ko akwai fetur, ko makunnin mai a buɗe yake, ko baƙin mai ya kai ma'auni, ko wayar fulogi tana zaune daidai. Wasu injuna suna da na'urar da ke hana su tashi idan mai ya yi ƙasa, ko idan an ajiye su a karkace.

Idan matsalar ta wuce haka, a kira mai shago a ranar, a kuma tura masa saƙo a rubuce ta waya domin ya zama shaidar ranar da aka sanar. A ɗauki hoto ko bidiyon yadda injin yake yi. Wannan yana da amfani musamman ga mazauna ƙauyukan da matsalar tsaro ko lalacewar hanya ke hana su fitowa a kan lokaci, domin sanarwar da aka yi cikin wa'adi hujja ce ko da an makara wajen kai injin.

Idan za a kai injin, a tsiyaye fetur, a ɗaure shi a zaune yadda ba zai kife ba, a tafi da rasit da katin garanti. A bar wa mai shago kwafi, a riƙe na ainihi. Kada a baro injin sai an karɓi takardar da ke nuna ranar da aka kawo shi, da lambarsa, da matsalar da aka faɗa, da ranar da aka yi alkawarin gamawa. Manomin da amfanin gonarsa ke jiran ruwa yana iya roƙon a ba shi aron wani inji kafin a gama gyara, kuma ya fi kyau a ce tun ranar saye aka yi wannan magana.

Ranar karɓa, a gwada injin a wurin, a kuma nemi a rubuta abin da aka gyara da abin da aka sauya. Idan matsalar nan ta sake dawowa, wannan takarda ce za ta ƙarfafa neman musanya ko mayar da kuɗi.

Gyara bayan garanti ya ƙare

Allah Ya albarkaci yankin nan da kanikawa masu basira, waɗanda suka koyi aiki a gareji da waɗanda suka yi karatunsa a makarantun fasaha, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983. Abin da ake bukata shi ne a tsara ma'amala da su yadda babu wanda zai cutu.

A nemi bakanike mai tsayayyen wurin aiki wanda maƙwabta suka shaida. A yi cinikin kuɗin aiki daban da kuɗin kaya daban kafin a fara. A nemi ganin kayan da aka cire, a kuma tambayi ko sababbin da za a sa na ainihi ne ko kwaikwayo ne, domin farashinsu da ƙarkonsu sun bambanta ƙwarai. Ya halatta mutum ya zaɓi mai sauƙin kuɗi da saninsa. Abin da bai halatta ba shi ne a karɓi kuɗin na ainihi a sa masa jabu. A kuma yi yarjejeniyar kwanakin da bakanike zai sake duba aikinsa kyauta idan matsalar ta dawo.

Yana da kyau kanikawa su sani cewa a mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya karɓi kayan jama'a ya tafi da su wurin aikinsa shi ne ke da alhakin biya idan sun ɓace ko sun lalace, sai fa in an samu shaidar cewa abin ya faru ba da sakacinsa ba. Domin haka rubuta kayan da aka karɓa a littafi kariya ce ga bakanike da mai inji baki ɗaya.

Lokacin da ya fi dacewa a kai inji duba shi ne kafin aiki ya taso: injin ban ruwa a watan Oktoba, injin yankan ciyawa a watan Mayu. A lokacin kanikawa ba su da cunkoso, kuma akwai sararin jiran kayan da za a aiko daga nesa. Idan kuwa kuɗin gyara ya kusanci rabin kuɗin sabo, kuma injin ya riga ya tsufa, to sai a yi lissafi da kyau kafin a ci gaba da zuba masa kuɗi.

Kira ga ofisoshi da makarantu

Injunan da aka saya da kuɗin jama'a amana ne. Ana kira ga jami'an sito da shugabannin makarantu da na asibitoci su tabbatar cewa duk ɗan kwangilar da ya kawo inji ya miƙa rasit na dilan da ya saya a wurinsa da katin garanti da littafin inji, kafin a sa hannu a takardar karɓar kaya. A buɗe wa kowane inji littafi da za a riƙa rubuta awowin aikinsa da ranakun sauya mai da gyare-gyarensa. A damƙa shi a hannun ma'aikaci ɗaya da aka koya wa aiki da shi, kuma idan an yi wa jami'i sauyin wurin aiki, waɗannan takardu su shiga cikin abin da zai miƙa wa magajinsa. Haka nan ƙungiyoyin manoma da ke karɓar injuna ta hanyar shirye-shiryen tallafi su tambayi wanda ke da alhakin garanti tun ranar rabo.

Inda za a kai ƙorafi

Idan mai sayarwa ya ƙi cika alkawari, a fara da sulhu ta hannun shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta kanikawa, ko Sarkin Kasuwa, ko hakimi da dagaci. Yawancin rigingimu a nan suke ƙarewa, domin ɗan kasuwa ba ya son sunansa ya ɓaci. Idan hakan bai yiwu ba, ana iya zuwa ofishin Hukumar Hisba, ko ofishin Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta Tarayya da ke Gusau, ko a shigar da ƙorafi ga hukumar FCCPC ta shafinta na intanet. Dokar 2018 ta kuma bai wa mai saye damar zuwa kotu kai tsaye. A kowane mataki, abin da za a fara tambaya shi ne rasit da shaidar ranar da aka sanar da matsalar.

Kammalawa

Ana kira ga 'yan kasuwa su ji tsoron Allah, su bayyana wa mai saye gaskiyar abin da suke sayarwa, su kuma ba da rasit ko ba a tambaya ba. Ana kira ga masu saye su karɓi takardunsu, su kula da injunansu bisa ƙa'ida, su kuma nemi haƙƙinsu cikin lumana ta hanyoyin da aka bayyana. Ana kuma roƙon malamai da masu unguwanni da malaman gona su isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su samu damar karanta shi ba, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa albarka a nomanmu da kasuwancinmu, amin.